Tarkon Jan Biro

Shafi na 27

Masu turo min saƙo wai Malama ta cika zafi, wai uwa ba ta yi wa ɗanta haka, duk na gani. Ku karanta wannan shafin har ƙasa tukuna.

*

Ƙarfe tara saura kwata Malama Jan Biro ta iso ƙofar makarantar ɗanta. Baƙin tabarau ne a fuskarta, domin kwana goma sha biyu ke nan da aka cire mata yanar ido. Likita ya kafa mata sharaɗi uku: kada ta shiga rana, kada ta yi karatu, kada ta ɓata rai. Duka ukun ta fito da niyyar takawa.

Yarinyar da ke riƙe da hannunta ita ce wadda 'yan aji ke kira Kunkuru, 'yar wani direban babbar mota. Jiya da yamma ta je gidan neman ƙawarta Auta, ƙaramar 'yar Malama, ba ta same ta ba, sai tsohuwa ita kaɗai a tsakar gida. Cikin tsoro ta miƙa mata littafin dabarun lissafi da malaminsu ya buga musu, ta ce don Allah a duba mata wani wuri, ko dai ita ce ba ta da kai. Malama ta kai littafin dab da hancinta, ta karanta layi uku, ta gane maganarta ce, ko waƙafi ba a canja ba.

Makarantar a saman bene take, ƙasa kuma masu facin taya ne. A jikin bangon matakala an rataya ƙaton ƙyalle mai hoton ɗan nata, ya ɗaga yatsa ɗaya yana murmushi.

"Me aka rubuta a ƙasan hoton?" in ji Malama.

"An ce, Malam Nan-Take, kowace tambaya cikin daƙiƙa ashirin."

"Uhm. Wanda har ya gama firamare da yatsun ƙafa yake tarawa."

Suna tsakiyar matakala muryoyi suka taso daga ajin, yara ɗari da talatin a tare, kamar masu rera waƙa:

"Shida a sama, shida a ƙasa, soke su ka wuce. Zuwa da dawowa, haɗa ka raba biyu."

Malama ta tsaya cak, ta dafa bango. Saura kwana shida a yi jarrabawar shiga jami'a.

Yana ofis, ya miƙe ƙafa kan tebur yana latsa waya, ga littattafan nan an ɗaɗɗaure su da igiya an jibge a kusurwa. Yana ganinta ya zabura.

"Umma? Lafiya? Wa ya fito da ke cikin ranar nan? Ai likita ya ce..."

"Rufe ƙofa."

"Ke Kunkuru, me kike yi a nan? Wuce aji."

"Tana nan. Ita ce idona yau. Aika a kira min Auta."

Ya leƙa ya aika, ya dawo ya jawo mata kujera. Ba ta ko kalli kujerar ba. Ta wurga littafin kan tebur.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne. Wato dai, na tattaro daga wurare daban-daban."

"To madalla. Buɗe tsakiya, karanta min duk wadda hannunka ya faɗa."

Ya buɗe, ya gyara murya. "In lamba ta ƙare da biyar, kana son ninka ta da kanta. Misali talatin da biyar sau talatin da biyar. Ɗauki uku, ninka da na gaba da shi, uku sau huɗu sha biyu. Liƙa ashirin da biyar a bayanta. Dubu ɗaya da ɗari biyu da ashirin da biyar."

"Wannan gaskiya ce. Me ya sa take aiki?"

Ya fara juya shafi.

"Da kai nake, marubuci."

"Umma, ba a tambayar me ya sa a jarrabawar nan. Zaɓi huɗu ne, ka danna ɗaya ka wuce. Zamani ya canja."

"Biyu da biyu ma sun canja? Karanta wata."

"Hamsin da ɗaya sau arba'in da tara. Ɗauki ta tsakiya, hamsin sau hamsin, cire ɗaya. Dubu biyu da ɗari huɗu da casa'in da tara."

"Ita ma gaskiya ce. Yanzu koma farko, wurin waɗanda ka sa wa suna. Me ma ka kira su?"

"Dabaru goma sha tara masu tauraro."

"Karanta ta farko."

"Sha shida bisa sittin da huɗu. Soke shida da shida, saura ɗaya bisa huɗu." Ya ɗago kai. "Kuma daidai ne, Umma. Ki gwada ki gani."

"Daidai ne. Yi min sha biyu bisa ashirin da huɗu."

"Soke biyu da biyu... ɗaya bisa huɗu."

"Awa nawa ne a kwana?"

"Ashirin da huɗu."

"Awa goma sha biyu kwatan kwana ne ko rabinsa?"

Ya sauke littafin. Fanka ce kawai ke ƙara a samansu.

Malama ta zura hannu cikin jaka ta fito da nata littafin, mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi kafin ido ya ajiye ta, duk gumin shekarun nan yana cikin wannan littafi. Ta warware robar, ta buɗe shi a gabansa. Yawancin shafukan da shuɗin biro aka rubuta su. Nan da can kuma, shafi guda jawur.

"Ka taɓa ganin wannan da idonka?"

"A'a. Kwafi aka kawo min."

"Na sani. Da ka gan shi ma ba ka gane ba, tunda duk ranar da na ɗauko shi ta katanga kake ficewa. To saurara. Dabara casa'in ce a ciki. Shuɗi hanya ce. Ja rami ne."

"Rami?"

"Ni na haƙa su da hannuna. Ƙarshen kowane mako nakan rubuta ja guda a allo, in ba su misali ɗaya da take aiki a kansa, don tarko ba ya kama tsuntsu sai an zuba masa tsaba. Sannan in rufe ƙofa. Ba mai fita sai wani ya nemo lambar da za ta karya ta. Haka yarana suka koyi cewa ba kowace gajeriyar hanya ce ke kai mutum gida ba. Daga nan sunan Jan Biro ya bi ni. Kai kuma ka kwashe ramukan nan goma sha tara, ka jera su a gaban littafi, ka yi musu waƙa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ce, rungume da littafinta a ƙirji. Karo na uku ke nan da za ta zauna wannan jarrabawa. Tana hango mai baƙin bango a kan tebur ta ja da baya kamar ta taka wuta.

"Shigo," in ji Malama. "Wa ya buɗe min akwati?"

"Umma..."

"Ban ce ki kira ni ba. Wa ya buɗe?"

"Ni ce. Lokacin ba kya gani. Yaya ya ce yana neman abin da zai koyar da shi, na ce ai akwai a gida. Na kai wa mai kwafi, na dawo da shi wurinsa a ranar."

"Taurarin fa?"

Auta ta fara hawaye. "Injin ne duk baƙi ya fitar, ba ja ba shuɗi. Da na ga kalar ta ɓace, sai na bi duk na jan ɗaya bayan ɗaya na sa musu tauraro, don kada Yaya ya rasa gane muhimman."

"Muhimman."

"Ai na ga a makaranta duk abin da aka rubuta da ja..."

"Me ya hana ki tambaye ni? Ido na rasa, ba baki ba."

Auta ta share fuska da bayan hannu. Abin da ba ta taɓa yi ba ta yi yau, ta kalli uwarta ido da ido.

"Umma, wa ya isa ya tambaye ki? Ina aji huɗu na tambaye ki mene ne sulusi. Kika ce in nemo da kaina, kika hana ni fita wasa kwana uku. Tun ranar ban ƙara ba."

Maganar ta shiga Malama, ta ji ta har ƙashi. Ta koyar da 'ya'yan gari, nata biyu kuma gudunta suke yi. Gaskiya ce, kuma gaskiya ko daga bakin wanda ya yi maka laifi ta fito sunanta gaskiya. Ta ce, "Na ji wannan. Za mu yi ta a gida."

Nan-Take ya ga kamar ƙofa ta buɗe masa, ya yi wuf ya shige.

"Kin gani ko, Umma? Kuskure ne. Ita ba ta sani ba, ni ban sani ba. Ɗan Adam ajizi ne."

Da a nan maganar ta tsaya, da Malama ta yafe. Sata a cikin gida ana rufewa, jahilci kuwa magani gare shi. Amma ta juya wajen yarinyar da ke raɓe a jikin ƙofa.

"'Yar nan, faɗa masa abin da kika faɗa min jiya."

Kunkuru ta kalli malaminta, ta sunkuyar da kai.

"Faɗi. Ina nan."

"Mako uku da suka wuce ne. Malam ya ba mu ta zuwa da dawowa. Mota ta je da gudun kilomita sittin a awa, ta dawo da arba'in, wai matsakaicin gudunta hamsin ne, a haɗa a raba biyu. Na je gida na tambayi babana. Ya ce shi bai yi boko ba, amma in hanya kilomita ɗari da ashirin ce, zuwa awa biyu ne, dawowa awa uku. Ɗari biyu da arba'in ke nan cikin awa biyar. Na raba, na samu arba'in da takwas."

"Sai aka yi yaya?"

"Na ɗaga hannu na faɗa. Malam ya ce in hau benci. Ya ce ga wadda za ta kwana tana raba lamba mutane suna jami'a. Ya ce in babana ya iya lissafi me ya kai shi tuƙin mota. Ranar ce ya sa min Kunkuru."

Malama ta juyo sannu a hankali.

"Bayan ta faɗa, ka zauna ka duba?"

"Umma, yara ɗari da talatin gare ni. Kowa da surutunsa. In na tsaya bin..."

"Ka duba ko ba ka duba ba?"

"Ban samu lokaci ba."

"To. Auta, miƙo naki, in nuna wa yayanki inda taurarinki suka kai mu."

Auta ta ƙara ƙanƙame littafin.

"Ga wani nan a kan tebur, Umma," in ji Nan-Take da sauri. "Duk iri ɗaya ne."

"Nata na ce."

Ta miƙa hannu, Auta ta saki. Shekara biyu Malama ta yi tana gani da yatsu, har yau kuma yatsun ba su manta aikinsu ba. Tana taɓa littafin ta ji farkonsa ya yi tauri kamar kwali. Ta sa farce ta nemi bakin shafin farko, babu. Na biyu, babu. Duk shafukan masu tauraro an manne su da gam, sun zama faifai guda.

Ta cire tabarau. Idon da aka yi wa aiki ya yi ja, yana ruwa, ta kafa wa ɗanta shi.

"Wa ya manne wannan?"

Ya kawar da kai, sai ta juya wajen 'yarta.

"Auta."

"Yaya ne."

"Yaushe?"

"Washegarin ranar da aka sa ƙawata ta hau benci. Ya kira ni nan, ya ce kada in ƙara karanta masu tauraro, kada kuma in gaya wa kowa. Ya ce in ana rerawa in riƙa motsa baki kawai."

Kunkuru ta ɗago kai ta kalli ƙawarta. Benci ɗaya suke zama. Mako uku Auta na jin ana kiranta da wannan suna, tana motsa baki.

"Ashe ka samu lokaci," in ji Malama. Muryarta ta yi ƙasa, wanda ya san ta kuwa ya san nan ne wurin tsoro. "Ka duba. Ka ga yarinya ta fi ka gaskiya. Ka tsame ƙanwarka daga rami, ka bar 'ya'yan mutane ɗari da ashirin da tara a ciki, kana kaɗa musu ganga."

"Umma, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Na yi tunani a kai, wallahi na yi. Tambaya arba'in ce a lissafi. Cikin sha taran nan, a yi yawa biyu ko uku su fito. In na shiga yanzu na ce musu wasu ƙarya ne, za su daina yarda da duka casa'in ɗin. Yaro ya shiga jarrabawa gabansa na faɗuwa, wanda ya sani ma sai ya ɓace masa. Gara su rasa uku da su rasa arba'in. A bar kaza cikin gashinta, a wuce wannan makon, badi in gyara littafin."

"Badi."

"Shekara huɗu ina gina wurin nan, Umma. Da benci biyu na fara. Yau in maganar nan ta fita, kafin azahar ta zagaye wayoyin iyayensu. Wa zai ƙara kawo min ɗansa? Ni fa ɗanki ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Auta, bara da maki nawa kika rasa shiga?"

"Biyu."

"Ƙara faɗa, yayanki bai ji ba."

"Maki biyu."

"Maki biyu suka zaunar da ita shekara guda a gida tana wanke-wanke. Kai ka ga kukan da ta yi, shi ya sa ka nemo gam. Amma ga 'ya'yan wasu, tambaya uku ba komai ba ce." Ta buga yatsa kan littafin. "Kuma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda kai malamin daƙiƙa ashirin ne. Masu tsara jarrabawar nan sun san kowane rami da na sani. Amsar ramin suke ɗauka su ajiye cikin zaɓi huɗun. Yaron da bai san komai ba zai yi canki, wataƙila ya dace. Naka kuwa zai ga hamsin tana masa murmushi, ya danna ta da ƙarfin zuciya, ya fito yana cewa jarrabawa ta yi sauƙi. Ba barinsu ka yi cikin duhu ba. Fitila ka ba su ka nuna musu rijiya."

"Umma..."

"Wannan yarinya ubanta yana kwana a hanya don ta zauna a bencinka. Ka zage shi a gaban aji, alhali shi da bai yi boko ba ya fi ka sanin awa biyar. Kai ko kunyar Allah ba ka ji?"

Ya zauna a bakin tebur, ya dafe kai. Malama ta kalle shi, ta ga yaron nan mai tsallake katanga, zuciyarta ta ɗan motsa. Uwa ce. Ta sassauta murya.

"Kwana shida sun isa. Sha tara ne kawai, uku-uku a rana, ranar ƙarshe huɗu. Tashi ka shiga ka gaya musu da bakinka. Ka ce ka yi kuskure, ka ba yarinyar nan haƙuri a inda ka ci mutuncinta. Ni zan zauna a bencin baya, ba wanda zai san ko ni wace ce. Duk wadda ta gagare ka, da yamma in koya maka, da safe ka koya musu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Ya ɗago. Ta ɗauka zai ce to.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ki koma gida, Umma. Idonki na ruwa. Auta, kama ta ku tafi."

Ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare ta da jikinsa.

Akwai rashin kunya iri-iri a duniya, amma ɗa ya tare wa uwarsa ƙofa don ta rufa masa asirin cutar da 'ya'yan mutane, wannan ba ta da suna. Malama ta mayar da tabarau, ta ɗauki mai baƙin bango ta sa a hammata, ta tako har gabansa.

"Matsa."

"Umma, don Allah."

"In ka isa ka taɓa ni, bismilla."

Ya matsa.

Ajin dogon ɗaki ne, benci sahu-sahu har bango, zafi da warin alli sun cika shi. Tana shiga surutu ya ɗauke. Wasu suka fara ƙus-ƙus, wace ce wannan tsohuwar mai tabarau. Kunkuru ta kai ta gaban allo, ta koma mazauninta. Auta ma ta lallaɓa ta zauna kusa da ita, Kunkuru ta ja jikinta gefe.

Malama ta laluba ta ɗauki alli. Shekara bakwai rabonta da shi, amma ya zauna a hannunta kamar jiya ta ajiye. Ta rubuta manyan lambobi.

"Tanki yana da ruwa lita ɗari. An ƙara kashi ashirin cikin ɗari. Daga abin da ya taru kuma aka ɗebe kashi ashirin cikin ɗari. Saura nawa?"

Ko numfashi ba su ja ba, suka amsa a tare da muryar waƙa:

"Abin da aka ƙara aka cire, koma inda ka fito. Ɗari."

"Kun tabbata?"

"Tauraro na bakwai," wani ya faɗa daga baya, aka yi dariya.

"Akwai mai wata amsa?"

Can sai hannu ɗaya ya tashi.

"Kunkuru ta fara," in ji wata. Aka sake fashewa.

"Duk wanda ya ƙara kiranta haka zai san dalilin da ya sa ake ce min Jan Biro. Tashi, 'yata."

"Ya zama ɗari da ashirin. Kashi ashirin na ɗari da ashirin, ashirin da huɗu ne. Saura casa'in da shida."

"Kowa ya ɗauki biro ya yi da hannunsa. Ba waƙa. Ina jira."

Takardu suka fara ƙara. Minti ɗaya, biyu. Dariyar ta mutu sahu bayan sahu, kamar ana kashe fitilu. Wani dogo a gaba ya kalli takardarsa, ya kalli littafin, ya sake kallon takardarsa.

"Casa'in da shida ne," ya faɗa a hankali. "To tauraron fa?"

Duk suka juya bakin ƙofa, inda Malam Nan-Take yake tsaye, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Malama ta zura hannu cikin jaka, ta fito da jan biro, ta miƙa masa a gaban kowa.

"Ga shi. Saura goma sha takwas. Ko ka soke su da hannunka, ko in soke da nawa."

Ya tako a hankali. Ya karɓi biron. Malama ta saki ajiyar zuciya, ta ja baya don ta ba shi wuri. Ya juya ya fuskanci ajin, ya gyara wuyan riga, murmushin nan na jikin ƙyalle ya dawo fuskarsa. Sai ya zare mai baƙin bango daga hammatarta, ya ɗaga shi sama.

"Ku natsu. Wannan mahaifiyata ce. Littafin da ke hannunku daga nata aka kwafo, ga shi kuna gani, rubutun hannunta ne. Na yarda da ita ne saboda uwa ce, ban san tsufa da ciwon ido sun sa ta cika shi da kurakurai ba. Ni ma yau na sani, kamar ku."

Ajin ya ɗauki guna-guni. Fuskoki ɗari da talatin suka juyo kanta. Allin da ke hannunta ya karye biyu, ba ta san ta matse shi ba.

Sai aka ji benci ya yi ƙara.

Auta ce ta miƙe. Ta ɗaga littafinta sama yadda na bangon baya ma za su gani, ta sa yatsa a bakin shafukan da aka manne, ta ja. Ƙarar yagewar takarda ta ratsa ɗakin.

"Yaya," ta ce, "tunda yau ka sani, gaya musu wa ya shafa wannan gam ɗin mako uku da suka wuce."